Sunan da Ke Gindin Kwando: Tarihin Kwandon Fure a Japan

Idan aka kife kwandon fure na ƙasar Japan, daga cikin waɗanda ake ji da su, akan tarar da wani ɗan faffaɗan silin gora a gindinsa, an karta masa haruffa biyu ko uku da bakin wuƙa. Sunan masaƙin ke nan. Rubutun bai kai tsawon ɗan yatsa ba, kuma ba mai ganin sa muddin kwandon na zaune. Amma sai da aka shafe fiye da shekara dubu ana saƙa kwandunan fure a ƙasar kafin masaƙa su fara rubuta shi. Abin da muke son mu bi diddigi a nan shi ne yadda sunan ya iso gindin kwando, da abin da ya tsirar, da kuma abin da ya kasa tsirarwa.

Gorar da muke nufi ita ce doguwar nan mai gaɓa-gaɓa da rami a ciki, ba goran duma na zuba ruwa ba. Japan na da ire-irenta masu yawa, amma wadda masaƙa suka fi so ita ce madake, saboda gaɓoɓinta na da tsawo, tana tsaguwa a miƙe, tana kuma lanƙwasuwa ba ta karye ba. Akan sare ta daga ƙarshen kaka zuwa hunturu, lokacin da ruwan jikinta ya ja baya, kuma akan zaɓi wadda ta shekara uku ko huɗu. Daga nan a gasa ta bisa wuta ko a dafa ta don maiƙon jikinta ya fito, a goge, a shanya a rana har koren ya koma launin hauren giwa. Sai tsaga: a raba biyu, a raba huɗu, a yi ta rabawa, a fere tsokar ciki a bar ɓangaren bawo, a ja kowane sili ta tsakanin wuƙaƙe biyu da aka kafa a kututture don faɗinsu ya zo ɗaya. Masaƙan ƙasar kan ce almajiri yakan yi shekara uku yana koyon tsaga kafin a yarda da saƙarsa.

Akwai kuma susudake, gorar da aka ciro daga rufin tsofaffin gidajen ƙauye, wadda hayaƙin murhu da kunkunniya suka rina ta ja-ja-baƙi a tsawon shekara ɗari ko fiye. Da yake kwando ba ya riƙe ruwa, akan sa masa wani bututun gora a ciki, wanda suke kira otoshi, a shafe shi da ƙaron urushi. A cikinsa ake zuba ruwa a tsayar da furen. Kwandon gaba ɗaya kuwa sunansa hanakago, wato kwandon fure.

Kwando marar suna

Tsofaffin kwandunan fure da suka rage a Japan suna cikin Shosoin, rumbun ajiyar kaya na gidan ibadar Todaiji da ke birnin Nara. Sun haura 500, kuma na ƙarni na 8 ne. Faffaɗa ne marasa zurfi, sun fi kama da faifai, kuma ba don a tsayar da fure aka yi su ba. Malaman addinin Buddha kan cika su da furanni su riƙa watsawa a lokacin ibada. A jikin wasu an rubuta shekarar da ta yi daidai da 757, lokacin addu'ar cikar shekara ɗaya da mutuwar Sarki Shomu. An rubuta ranar biki, an rubuta sunan gidan ibada. Wanda ya saƙa kuwa ba a ambace shi ba, don a wancan zamani ba wanda ya ga dalilin ambaton sa.

Tsayar da fure a cikin mazubi don ƙawa ya bunƙasa ne a ƙarni na 15, zamanin da shugabannin soji na gidan Ashikaga ke mulki daga Kyoto. A lokacin ne gidajen manya suka fara ware wani lungu a bangon ɗakin baƙi, kamar alkuki amma babba, wanda ake kira tokonoma, inda ake rataye zane ko rubutu a ajiye fure a gabansa. A 1462 aka rubuta labarin wani malami, Ikenobo Senkei, na gidan ibadar Rokkakudo, wanda tsarin furensa ya sa mutanen Kyoto suka yi tururuwa zuwa kallo. Daga gidansa ne mafi tsufar makarantar ikebana, wato fasahar jera fure, ta samo asali.

Kayan da ake sa wa furen a wannan zamani na ƙasar Sin ne. Japanawa na kiran su karamono, ma'ana kayan Sin: tulunan tagulla, da tangaran, da kwanduna. Kwandon Sin na da siffar tulu, saƙarsa matsattsiya ce, gefe da gefe daidai wa daida, da dogon mariƙi da ƙulle-ƙullen ado. Darajarsa ta dogara ne ga inda ya fito. Masu mulki har ma'aikata na musamman suke da su, irin su Noami, waɗanda aikinsu shi ne tantance kayan Sin da jera su daraja-daraja. Masaƙin gora na cikin gida kuwa yana can ƙasa. Kwandon kifi da matankaɗi da rariya yake yi, sau da yawa ba shi da gona, kuma a wasu yankuna sana'ar tana hannun mutanen da al'umma ta ware take ƙyama.

Sunan mai zaɓe

Mutumin da ya fara girgiza wannan tsari ɗan kasuwa ne daga birnin Sakai, Sen no Rikyu, wanda ya rayu daga 1522 zuwa 1591, kuma ya zama babban malamin shayi na Toyotomi Hideyoshi, mai mulkin ƙasar. Zaman shayi a wurinsu al'ada ce mai ƙa'idoji, inda mai gida ke dama garin koren shayi a gaban baƙinsa cikin ƙaramin ɗaki. Rikyu ya karkata ga sauƙi da rashin ƙyale-ƙyale. Ana ba da labarin cewa ya ga kwandon zuba kifi a wurin wani masunci a bakin Kogin Katsura, ya karɓa, ya sa masa fure a ɗakin shayi. Kwandon yana nan har yau, ana kiran sa Katsura-kago. A 1590, lokacin da ya raka Hideyoshi yaƙin Odawara, ya sari gora a Nirayama ya yanka mazubin fure da ita. Ɗaya daga ciki na da tsaga a jiki, sai aka raɗa masa Onjoji, sunan wani gidan ibada da ƙararrawarsa ta tsage. Yana gidan tarihi na ƙasa da ke Tokyo.

Da wannan, kayan gida marasa tsada suka sami shiga tokonoma, aka kuma sami kalmar wamono, kayan Japan, a matsayin kishiyar karamono. Sai dai mu lura da sunan da ya manne wa kwandon: na kogi ne, da na mutumin da ya zaɓe shi. Idon Rikyu ake yabo. Masunci ko masaƙin da ya yi aikin ba wanda ya san shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shekara guda bayan Odawara, Hideyoshi ya umarci Rikyu ya kashe kansa, amma ɗabi'ar da ya kafa ta ɗore a hannun zuriyarsa. Har yanzu masu shayi na amfani da kwando ne a watannin ɗumi, daga Mayu zuwa Oktoba.

Abin mamaki shi ne, ƙofar da masaƙi ya bi ya sami suna ta buɗe ne daga ɓangaren kwaikwayon Sin. Daga shekarun 1630 gwamnatin Tokugawa ta taƙaita hulɗa da waje, amma jiragen Sinawa sun ci gaba da zuwa Nagasaki. Ta nan ne wani malamin Buddha daga Sin, wanda Japanawa ke kira Ingen, ya shigo a 1654, ya kafa gidan ibadar Manpukuji a Uji a 1661. Mabiyansa sun taimaka wajen yaɗa wata hanyar shan shayi ta daban, ta jiƙa ganye a ruwan zafi, wadda ake kira sencha. Wani malami daga cikinsu, Baisao, ya bar gidan ibada da tsufansa, ya riƙa saɓa kayan shayi yana sayarwa a wuraren shaƙatawa na Kyoto. A 1755 ya cinna wa akwatin kayansa wuta, don kada bayan ransa a mai da shi abin taƙama.

Abin da ya guda shi ya faru. Zuwa ƙarni na 19, sencha ya zama abin yayi tsakanin marubuta da masu zane da attajiran Osaka, waɗanda ke sha'awar duk wani abu na malaman Sin. Sukan shirya manyan tarurruka, a baje zane-zane, a cika kwandunan Sin da furanni da 'ya'yan itace. Kwandunan da ake shigowa da su ba su isa ba. Sai masu kuɗi suka riƙa ba masaƙan gari aron na asali, su gyara ko su kwaikwaya. Ta haka masaƙin Osaka ya riƙa kwance ƙulli yana mayarwa, har ya ƙware a saƙar da ta fi kowace wuya.

Sunan masaƙi

A nan Hayakawa Shokosai na Ɗaya ya shigo, wanda aka haifa a 1815 ya rasu a 1897. Shi ake ɗauka a matsayin masaƙin kwando na farko a Japan da ya sa sunansa a jikin aikinsa. Don mu gane nauyin abin da ya yi, mu tuna da halin kasuwar. Kwaikwayon da ya kai na asali kyau, in ba shi da suna, yana iya wucewa a matsayin kayan Sin, kuma a nan tsada take. Da zarar an karta sunan ɗan Osaka a gindi, wannan ƙofa ta rufe. Shokosai ya yarda a san kwandon a matsayin nasa, a kuma biya shi a kan haka. A baje-kolin masana'antu na ƙasa na farko da aka yi a Tokyo a 1877 ya sami lambar yabo. Gidan tarihin fasaha da sana'o'i na Hamburg a Jamus ya tara kwandunansa tun a ƙarshen ƙarnin. Har malafa irin ta Turawa ya saƙa, wadda shahararren ɗan wasan kabuki Ichikawa Danjuro na Tara ya riƙa sawa.

Suna, in ya samu, gado yake zama. An ci gaba da Shokosai har na Biyar. A Sakai, Tanabe Chikuunsai na Ɗaya, almajirin Wada Waichisai, ya kafa gidan da yanzu yake kan na Huɗu. Maeda Chikubosai ma ya kafa nasa. Kwando ya fara zuwa cikin akwatin katako na kansa, da sunan aikin da sa hannun masaƙi da hatimi a kan murfi. Abin da a da ake yi wa tangaran ɗin Sin, yanzu ana yi wa aikin ɗan unguwa.

Duk da haka hukuma ba ta ɗauke shi mai fasaha ba. Bayan sauyin mulki na 1868, Japan ta aro rabe-raben Turawa, inda zane da sassaƙa ke sama, aikin hannu na ƙasa. Baje-kolin fasaha na gwamnati da aka fara a 1907 bai ware wa sana'o'in hannu gurbi ba. Sai a 1927 aka buɗe musu sashe a baje-kolin, wanda a lokacin ake kira Teiten, kuma a 1929 aikin Sakaguchi Sounsai ya zama na gora na farko da aka karɓa.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan ƙofa shi ne Iizuka Rokansai, 1890 zuwa 1958, ɗan gidan masaƙa daga Tochigi da suka koma Tokyo. Da ƙuruciya zane ya so yi, ya kuma yi karatun rubutun hannu da waƙa. Daga rubutun hannu ya aro rabe-raben nan uku, shin da gyo da so, ya ɗora wa kwando. Shin shi ne tsayayye mai bin ƙa'ida kamar na Sin. So shi ne sakakke, wanda sili ke bi ta inda ya ga dama. Gyo na tsakaninsu. Ya riƙa barin gora da farinta ba rini, ya riƙa haɗa sili da yawa a dami guda yana saƙa da su, yana kuma raɗa wa kwandunansa sunaye irin na waƙa. A 1932 ya sami babbar lambar yabo a Teiten.

A daidai waɗannan shekaru wani masani, Yanagi Soetsu, yana jan akalar zuwa wani gefe. A 1925 shi da abokansa magina tukwane, Hamada Shoji da Kawai Kanjiro, suka ƙirƙiro kalmar mingei, sana'ar talakawa, kuma a 1936 ya buɗe mata gidan tarihi a Tokyo. A ganinsa, kyau na gaskiya yana cikin kayan yau da kullum masu araha, waɗanda masu sana'a marasa suna ke yi da yawa ba tare da neman yabo ba. Sa hannu, a wurinsa, alamar son kai ce da ke gurɓata aiki. Ga ra'ayi biyu a gari ɗaya: ɗaya na cewa a ɗaga masaƙi ta hanyar ba shi suna, ɗaya na cewa darajarsa tana cikin rashin sunan.

Abin da roba ta yanke

Ba muhawara ce ta raba gardamar ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman daga ƙarshen shekarun 1950, kayan roba suka cika kasuwa. Rariya da kwandon wanke shinkafa da na kifi duk suka sami madadi mai araha wanda ba ya ruɓewa. Sai kuma gorar kanta ta ƙara nata. Madake kan yi fure ne sau ɗaya a kimanin shekara 120, kuma in ta yi, sai kurmin ya bushe. Hakan ya faru a faɗin ƙasar a shekarun 1960 zuwa farkon 1970. Gora ta yi tsada, aka koma shigo da kayan saƙa daga maƙwabta. Masaƙan ƙauye, waɗanda Yanagi ya yaba, su ne suka fara ajiye wuƙa.

Masu suna kuwa sun sami mafaka. A ƙarƙashin dokar kare kayan al'adu ta 1950, gwamnati ta fara, daga 1955, naɗa wasu gwanaye a matsayin da jama'a ke kira Taskar Ƙasa Mai Rai, tare da tallafin kuɗi kowace shekara don su koyar. A 1967 Shono Shounsai na Beppu ya zama masaƙin gora na farko da ya sami wannan matsayi. Bayansa aka naɗa Iizuka Shokansai, ɗan Rokansai, a 1982, da Maeda Chikubosai na Biyu a 1995, da Hayakawa Shokosai na Biyar a 2003. Daga sa suna a ɓoye a gindin kwando zuwa naɗin gwamnati, gidan Hayakawa ya yi tafiyar kimanin ƙarni ɗaya da rabi.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Aikin da ya fito da sunan Shono, Doto, ma'ana igiyar ruwa mai fushi, na 1956, har yanzu a rubuce mazubin fure ne, amma silin gorar da suka tashi suka naɗe kamar taguwar teku sun riga sun cika ido, ba su bar wa fure wani aiki ba. Kwandon fure na asali an yi shi ne da saura, sai an sa reshe ya cika. Wanda ake yi don baje-koli kuwa dole ya tsaya shi kaɗai a gaban alƙalai. Gidajen zamani ma da yawa ba su da tokonoma. Sannu a hankali masu saye suka koma 'yan waje. Wani attajirin Amurka, Lloyd Cotsen, ya tara kwanduna fiye da 800 ya ba gidan tarihin fasahar Asiya da ke San Francisco a 2002. A 2017 gidan tarihin Metropolitan na New York ya yi babban nunin gorar Japan, inda Tanabe Chikuunsai na Huɗu ya saƙa wani abu da ya fi mutum tsawo nesa ba kusa ba a bakin zauren. Irin waɗannan ayyuka nasa, in an gama nuni, kwance su yake yi ya sake amfani da silin a wani gari.

Ko masaƙin ƙauye ma, da aka tashi tunawa da shi, ta hanyar suna aka bi. Hiroshima Kazuo, 1915 zuwa 2013, na garin Hinokage a tsaunukan Kyushu, ya shiga sana'ar ne saboda lalurar ƙafa da ta hana shi noma. Ya yi shekaru yana bi gida-gida yana saƙa wa manoma kwandon goyo da na kifi da matankaɗi, daidai da jikin mai shi da irin aikinsa. A 1994 cibiyar Smithsonian da ke Washington ta yi nunin ayyukansa. Kayan da aka yi don su tsufa a gona suka shiga bayan gilashi, suna sababbi.

To, wa ya yi gaskiya tsakanin Rokansai da Yanagi? Mu a ganinmu tarihi ya ba Rokansai nasara a abu guda: in ba don sunan ba, da saƙar da ta fi wuya ta bi rariya zuwa kabari, don ba wanda zai biya aikin wata uku a kan farashin kwandon roba. Amma Yanagi ya hango wani abu da sunan ba ya iya ɗauka. Gwanintar manyan masaƙa ta tsiro ne a cikin ƙasar da kowane ƙauye ke da mai tsaga gora, kowane gida kuma ya san bambancin kwando mai kyau da marar kyau saboda yana amfani da shi kullum. Naɗin gwamnati na iya riƙe mutum ɗaya da almajiransa. Ba ya iya dawo da waccan jama'a.

Shi ya sa wurin da ya fi dacewa a zuba wa ido a yau shi ne jihar Oita, wadda ta fi kowace samar da madake a Japan. A birnin Beppu, mai maɓuɓɓugan ruwan zafi, inda tun da can baƙi kan sayi kwanduna su kai gida tsaraba, jihar na gudanar da makarantar koyon saƙar gora, kuma matasa na zuwa daga sassan ƙasar. Masu son zama masaƙa ba su ƙare ba. Waɗanda ke ƙarewa su ne masu shiga kurmi da hunturu su zaɓi gora 'yar shekara uku, su sare, su jawo ta daga gangare, da masu dafa ta su shanya. Yawancinsu sun tsufa, magada kaɗan ne, kurame da yawa kuma sun koma daji saboda rashin mai kula. Aikinsu yana cikin kowane kwando da ke San Francisco da New York, kuma har yanzu ba a samo inda za a rubuta sunansu ba.